Dabbarka Ce, Amma Doka Na Da Ta Cewa



Akwai wata amsa da kusan kowa ya taɓa ji a unguwarsu. Ka tarar da mutum yana jibgar jakinsa, ko ya ɗaure karensa a tsakiyar rana babu ko ɗigon ruwa a gabansa, ka ce masa, "Malam, a tausaya wa dabbar nan mana." Sai ya ɗago ya dube ka ya ce, "Dabbata ce. Kuɗina na sa na saya. Ina ruwanka?" Daga nan yawancinmu sai mu ja bakinmu mu tsuke, domin a zuciyarmu mun yarda cewa gaskiya ya faɗa: abin mutum abin mutum ne, ya ga dama ya ci da shi, ya ga dama ya bar shi ya mutu.

To ba gaskiya ya faɗa ba. Dokar ƙasa ba ta yarda da wannan magana ba, shari'ar Musulunci ma ba ta yarda da ita ba. Wanda ya mallaki abu mai rai ya ɗauki nauyi, kuma nauyin nan a rubuce yake, da hukuncinsa.

Mu fara da dokar ƙasa, domin ita ce mutane suka fi jahilta. Kundin hukunta laifuffuka na Arewa, wanda aka fi sani da Finalkod, an zartar da shi a 1959, ya fara aiki a 1960. An tsara shi ne bisa kundin Sudan, shi kuma na Sudan ya samo tushe daga na Indiya. A cikinsa akwai sassa na musamman a kan zaluntar dabbobi. Sashe na 207 ya haramta dukan dabba da mugunta, da azabtar da ita, da gallaza mata da gangan, ko ta gida ce ko ta daji da aka kama aka tsare. Ya kuma haramta shirya faɗa tsakanin dabbobi, irin karon raguna da faɗan zakaru. Sashe na 208 ya shafi wanda ya ɗora wa dabba kayan da ya fi ƙarfinta, ko ya sa ta aiki alhali tsufa ko ciwo ko rauni ya hana ta, ko ya yi sakaci da ita har ta sha wahalar da babu dalilinta. Hukuncin ɗauri ne, ko tara, ko a haɗa wa mutum duka biyun. Sashen da ke biye ya ba kotu ikon karɓe dabbar daga hannun mai ita. Jihohin da suka sabunta kundinsu, kamar Kaduna a 2017, lambobin sassan sun canza a wurinsu, saboda haka mai son dubawa sai ya nemi kundin jiharsa.

A yawancin jihohin Kudu kuwa, kundin Kiriminal Kod ne ke aiki, kuma sashe na 495 ya yi bayani dalla-dalla. Ya ambaci duka da shuri, ya ambaci ɗaukar dabba a mota ko wani abin hawa ta hanyar da za ta wahala, ya ambaci ba ta guba, ya ambaci yi mata aiki a jiki ba tare da kulawa ba. Har ya ce idan mai dabba bai sa ido a kanta yadda ya kamata ba, wani ya zalunce ta, to za a ɗauka shi ma ya yarda da zaluncin. Wato ba za ka ce "yarona ne ya yi" ka tsira ba. Masu lodin shanu daga kasuwannin Potiskum ko Maigatari zuwa Legas ya kamata su san cewa da zarar tirela ta tsallaka Kudu, wannan sashe ya hau kansu. Saniyar da aka danne a ƙasan 'yan'uwanta, aka lanƙwasa mata wuya aka ɗaure da igiya, ta kwana biyu a hanya ba ruwa, ita ce ainihin wadda sashen yake nufi.

Abin da nake so mu tsaya a kansa, masu sauraro, shi ne sakaci. Mu a tunaninmu zalunci shi ne duka. Wanda bai ɗaga sanda ba yana ganin hannunsa a wanke yake. Alhali mafi yawan wahalar da dabbobi ke sha a gidajenmu ba ta sanda ba ce.

A 'yan shekarun nan samari a Kano da Kaduna da Abuja sun shiga kiwon manyan karnukan ƙasashen waje. Ana sayen ɗan kwikwiyo da kuɗi masu nauyi, a ɗauki hoto da shi, a sa a Facebook, abokai su yi ta yabo. Bayan wata shida kwikwiyo ya zama ƙaton kare, cinsa ya ninka, kuɗin abinci ya fara ciwo, ɗoki ya wuce. Sai ka shiga gidan ka same shi a bayan ɗaki kusa da injin janareta, da sarƙar da ba ta kai tsawon hannu biyu ba. Simintin da yake kwance a kai ya ɗauki zafin da mutum ba zai iya taka shi ba takalmi ba. Kwanon ruwansa ya kife tun safe, babu wanda ya lura. Ƙudaje sun cinye masa gefen kunnuwa har sun yi jini, kaska ta cika tsakanin yatsunsa, inda sarƙa ke goga a wuya gashi ya zube ya zama miki. Wasu daga cikin irin waɗannan karnuka asalinsu na ƙasashen sanyi ne, gashinsu mai kauri an halicce shi don ƙanƙara, ga shi an ajiye shi a zafin watan Afrilu na Arewa. Yana haki, harshe a waje, idan ya yi kuka a daka masa tsawa. Babu wanda ya taɓa dukan karen nan. Amma duk abin da sashe na 208 ya kira sakaci ya tabbata a kansa.

Haka kyanwa. An kawo ta don ɓeraye, ta gama aikinta, ta haihu, sai a zuba ta da 'ya'yanta a buhu a ba almajiri ko yaron gida ya kai su bayan gari ya yar. Wani lokaci ko bakin buhun ba a kwancewa. Haka aku a kejin da ba ya iya buɗe fukafukai a ciki. Haka dokin da saurayi ya ara don kilisa ko hawan angwanci, ya yi ta sukuwa da shi a kan kwalta yana caka masa ƙaimi har gefen cikinsa ya yi jini, a mayar da shi barga jiƙe da gumi babu wanda ya duba ƙafarsa. Jakin yashi kuwa, ɗaga akumarinsa kawai za ka yi ka ga abin da ke ƙasa: gyambo ɗanye, wanda ake sake ɗora wa mangala kowace safiya.

Wani zai ce wannan duk dokar Nasara ce, Turawa ne suka kawo ta da son karnukansu. Wanda ya faɗi haka bai buɗe littattafan da malamanmu ke karantarwa a zaure ba. A Mukhtasar na Shehu Khalil, wanda alƙalan ƙasar Hausa suka yi ƙarnuka suna hukunci da shi, ciyar da dabba yana cikin babin ciyarwar da ta wajaba, babin da ake maganar ciyar da iyali. Idan babu makiyayar da dabba za ta ci da kanta, wajibi ne mai ita ya ciyar da ita. Idan ya ƙi, ko ya kasa, a sayar da ita ga wanda zai iya. Ba a yarda ya ɗora mata aikin da ya fi ƙarfinta ba, ba a kuma yarda ya tatse nonon uwa har ɗanta ya cutu ba. Ku lura, wannan hukunci ne da alƙali ke zartarwa, an wuce matsayin nasiha.

Tushensa kuwa sananne ne. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema da kanta ba. Matar nan ba a ce ta doki kyanwar ba. Kullewa ta yi ta yi banza da ita. Sun kuma ruwaito labarin mutumin da Allah ya gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Abu Dawud ya kawo labarin raƙumin da ya zubar da hawaye a gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, har ya nemi mai raƙumin ya yi masa faɗa a kan barinsa da yunwa da yawan aiki. An hana yi wa dabba lalas a fuska, an hana haɗa dabbobi faɗa, an hana mai da abu mai rai abin gwajin harbi. Ko a wajen yanka, wanda halal ne, an ce a wasa wuƙa a hutar da abin yanka. Littattafan hisba na dā sun sa hana lodin da ya wuce kima a kan dabbobin dako cikin aikin mai kula da kasuwa. 'Yan'uwanmu Kirista ma suna da irin wannan koyarwa a Tsohon Alkawari, inda aka ba dabbar aiki hutun ranar Asabar tare da mai ita, aka kuma hana ɗaure bakin sa yana sussuka.

Malamai sun yi bayani a kan wane kare ne ya halatta a ajiye, na farauta da na kiwo da na gadin gona, kuma wannan magana ce ta daban. Amma babu malamin da ya ce wanda ya riga ya ajiye kare yana da izinin barinsa da ƙishirwa. Haka kuma babu inda aka ba yara lasisin bin kare ko baƙar kyanwa da jifa don wai mayya ce. Manya na zaune a dakali suna kallo suna dariya, yaro kuwa yana koyon cewa wahalar mai rai abin nishaɗi ne. Wannan darasi ba a kan dabba yake tsayawa ba.

To idan doka tana nan, addini yana nan, me ya sa ba ma jin an gurfanar da kowa?

Dalili na farko yana cikin dokar kanta. Tarar da sashe na 495 na Kiriminal Kod ya yanka ita ce naira 50, ko ɗaurin wata shida. Naira hamsin, masu sauraro. An rubuta adadin tun lokacin da naira ke da daraja, aka bar shi a nan, yau ko ƙwai ɗaya ba ya saye. Wane ɗan sanda ne zai ɓata yininsa ya rubuta ƙara, wane mai gabatar da ƙara ne zai tsaya gaban majistare, a kan laifin da tararsa ba ta kai kuɗin fotokwafin takardar ƙarar ba? Dalili na biyu, babu wanda aka ɗora wa aikin. Idan ka ga ana azabtar da dabba, ina za ka? Ofishin 'yan sanda za a iya yi maka dariya. Asibitin dabbobi magani suke yi, ba kame ba. Ko kotu ta karɓe dabbar, a ina za a ajiye ta, wa zai ciyar da ita? Na uku kuma mu ne, da kawaicinmu da gudun ɓata wa maƙwabci.

Yana da amfani mu ga yadda wata ƙasa ta bi da wannan matsala, domin su ma ba da tausayi aka haife su ba. A Ingila, kafin 1822 mai doki na iya dukansa har ya mutu a titin Landan babu abin da zai same shi. A shekarar ce wani ɗan majalisa daga Ayalan mai suna Richard Martin ya yi ta fafutuka har aka zartar da dokar hana zaluntar shanu da dawaki da tumaki. Ya lura doka ba ta tafiya da ƙafarta, sai ya riƙa kai masu laifi kotu da kansa. A 1824 shi da wasu suka kafa ƙungiyar hana zaluntar dabbobi, wadda a yau ake kira RSPCA, suka ɗauki masu sintiri da ke zagaya kasuwanni da mayanka. Sai a 2006 suka yi gyaran da ya fi jan hankalina. Dokar da suka yi a shekarar ta daina jiran sai dabba ta jikkata. Ta ɗora wa mai dabba wajibcin biya mata buƙatunta tun kafin wani abu ya faru: wurin zama da ya dace, abincin da ya dace, damar yin ɗabi'arta ta halitta, zama da 'yan'uwanta ko nesa da su gwargwadon irinta, da kariya daga ciwo da cuta. Kotu na iya haramta wa mutum sake ajiye dabba. A 2021 suka ɗaga hukuncin zalunci mafi muni daga wata shida zuwa shekara 5.

Ba cewa nake mu kwafo dokar Ingila ba. Rayuwarmu daban, dabbobinmu ma yawancinsu na aiki ne da na kiwo. Abin da na gani shi ne, wancan tunani na cewa mai dabba yana da wajibci tun kafin a kai ga rauni, da ikon raba shi da ita idan ya kasa, shi ne dai abin da ke cikin littattafan fiƙihunmu tun ɗaruruwan shekaru kafin 2006. Namu ne muka bari ya yi ƙura.

Nauyin mai dabba kuma ba a kan dabbar kaɗai ya tsaya ba. Akwai haƙƙin maƙwabci da na mai wucewa. Manomi da makiyayi sun san ƙa'idar ɓarna: a mazhabar Malikiyya abin da dabbobi suka ɓata a gona da dare mai su ne ke biya. Malamai sun kuma ce wanda ya ajiye kare mai cizo, aka gargaɗe shi bai ɗauki mataki ba, to abin da karen ya yi yana wuyansa. Dokar ƙasa ma ta mai da sakaci da dabba mai haɗari laifi, kuma wanda aka ciza na iya neman diyya a kotu.

A nan maganar ta zama ta rai da mutuwa, saboda ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe kimanin mutum 59,000 a kowace shekara, kusan dukkansu a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Kusan duk wanda ya kamu, daga kare ya samu. Mugun halin ciwon shi ne yana ɓoyewa. Cizon ya warke, an manta, sai bayan wata biyu ko uku yaro ya fara zazzaɓi, ya fara firgita, ya ga ruwa ya kasa haɗiya. Idan an kai nan, kusan babu wanda ke tashi. Iyaye su yi ta yawon neman maganin iska, alhali abin da ya kashe ɗansu kare ne da mai shi bai kai allura ba.

Ga shi kuwa allurar tana nan. Tun 1885 Louis Pasteur ya fara gwada rigakafin a kan ɗan Adam a Faransa. A nan gida, cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom a jihar Filato, wadda ta kafu tun 1924, tana sarrafa allurar karnuka. Masana sun nuna cewa idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wani yanki allura, ciwon zai daina yaɗuwa a yankin. Ɗan kwikwiyo na karɓarta daga wata uku, a riƙa sabuntawa yadda likitan dabbobi ya tsara, a kuma adana katin shaida. Mafarauci mai karnuka goma, da mai gadin gareji, da saurayi mai karen ado, duk hukuncinsu ɗaya a nan. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Wanda ba zai iya kuɗin allura da abinci ba, bai kai matsayin ajiye kare ba tukuna.

Na san abin da wani ke faɗa a ransa yanzu: "Mutane ma ba su ƙoshi ba, yara na kwana da yunwa, kai kana maganar kare da jaki." Wannan magana tana da nauyi, ba kuma zan raina ta ba. Mai jakin da ke lodin yashi ba don mugunta yake ƙara mangala ba, sau da yawa tuwon dare yake nema. Amma jakin da aka bar gyambonsa ya ruɓe zai kwanta, ranar da ya kwanta kuwa gidan ne zai kwana da yunwa. Kuma mafi yawan abin da ake nema ba ya cin kuɗi. Matsar da turke zuwa inuwa ba ya cin kuɗi. Cika kwanon ruwa, da tsawaita igiya, da rage kaya, da hana yaro jifa, babu wanda talauci ya hana. Wanda ya sayi kare da kuɗin da ya kai albashin wani na wata da watanni kuwa, ba shi da bakin kawo uzurin talauci.

Abin da nake roƙon 'yan majalisun jihohinmu ba babba ba ne. Su buɗe kundin su gyara tarar ta dace da zamani. Su rubuta ƙarara cewa ruwa da abinci da inuwa da magani wajibi ne a kan duk mai dabba. Su wajabta allurar haukan kare da katin shaidarta, su ba ma'aikatan lafiyar dabbobi na ƙananan hukumomi ikon shiga kasuwa da tashar lodi da mayanka su duba, su yi gargaɗi a rubuce kafin a kai ga kotu. A jihohin da ke da hukumar Hisba, wannan aiki ne da asalinsa nasu ne, kuma zai yi kyau a gan su a kara da tashar tirela. Masu unguwanni da sarakunan pawa da shugabannin 'yan farauta sun fi kowa sanin wanda ke yi, maganarsu kuma tana shiga inda takardar sammaci ba ta shiga. Limamai su ba wannan babi huɗuba guda, musamman gab da Babbar Salla, lokacin da ake ɗaure raguna a rana a bakin titi, ana cusa su a but ɗin mota, ana rataya kaji kai ƙasa a jikin babur.

Kafin lokaci ya ƙare, ga abin da kowane gida ya kamata ya riƙe. Idan kare ko kyanwa ta ciji wani, ko ta yakushe shi har fata ta fashe, a wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai gudu na tsawon minti 15. Kada a shafa toka ko barkono ko wani ganye, kada a ɗaure wurin tam. A tafi asibiti a ranar, a faɗa musu cizon kare ne, a karɓi allurar rigakafi, a kuma cika adadinta ko da ciwon ya warke. Idan karen na gida ne kuma ana iya tsare shi ba tare da haɗari ba, a killace shi, a ba shi ruwa da abinci, a kira ma'aikacin lafiyar dabbobi ya sa masa ido na kwana 10, amma kada a jira kwanakin su cika kafin a fara allurar. A tambayi mai karen katin rigakafinsa. Idan ba shi da shi, a sanar da mai unguwa, kuma kuɗin magani a wuyansa yake.